TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 17): Shekarar izala

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon na tsaya inda maigidana ya rasa aikin tuƙi bayan korona muka tattara muka koma ɗaki biyun Inna a Karantina, ni da shi da yara. Toh yau maganar izala zan shiga, wato rusau ɗin unguwanni da hukuma ta yi a Jidda.

Amma bari in fara faɗin yadda Karantina take, dan wanda bai san Jidda ba kar ya ɗauka wata aljanna aka rushe mana. A kudancin gari take, kusa da tashar jiragen ruwa da matatar mai, in iska ta juyo har warin man kake shaƙa. Lunguna matsattsu wasu ko motar askarawa bata shiga, kwata a buɗe, wayoyin wuta sun sarƙe a sama. Ana saida ƙwaya, ana dafa giya a ɓoye, in aka sace maka abu a arewacin gari nan ake cewa ka zo ka duba. Mai tasi in kace masa Karantina bayan isha'i sai dai ya ajiye ka bakin titi ka ƙarasa da ƙafa. Ni kaina sanda nake aikatau gidan wasu larabawa ban taɓa gaya wa matar gidan inda nake kwana ba, Sabil nake ce mata, alhali Sabil ɗin ma ba wani sunan kirki gareta ba.

Sai dai nan aka haifeni. Kakana a ƙasa ya zo, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira ta Sudan kafin ya tsallako teku daga Sawakin, ya yi hajjinsa ya zauna. Mu takaru, wato 'yan asalin Afirka ta Yamma, ga 'yan Chadi, ga Yamanawa da Somaliyawa da Habashawa, kowa da lungunsa amma kasuwa ɗaya. Mai baƙalarmu, wato kantin lungunmu, Bayamane ne, littafi gareshi da yake rubuta bashi har ƙarshen wata, bai taɓa tambayar kowa igama, wato takardar izinin zama, ba kafin ya bashi shinkafa. Matan lungu muna adashi, Inna na wainarta da safe, da yamma masu tsire su hura wuta, kuma wallahi waɗanda ke zagin unguwar su ne ke zuwa da manyan motoci su saya su gudu kafin duhu.

Wajen ƙarshen 2021 aka fara, muna jin ana cewa an shiga Gulel an shiga Petromin, unguwanni sama da 60 ne a lissafin baladiyya, wato hukumar gari. Inna tace ai tun tana budurwa ake cewa za'a tashi Karantina, kowa ya sha kuruminsa. Sai ga shi wata safiya mun tashi an rubuta ikhla, wato a tashi, da jan fenti a jikin bangonmu, babba, har ya ɗan zubo kan ƙofa, ba'a jima ba aka yanke wuta.

Mai gidan namu tsoho ne ɗan ƙasa amma asalinsa namu ne, yana jin Hausa tsaf. Inna ta same shi tace Ammu yanzu ina za mu? Ya ɗaga hannu yace wallahi ya Hajiya nima ban sani ba, sakk nake nema, wato takardar mallakar gida. Dan lissafin a fili yake, ɗan ƙasa mai sakk za'a biya shi ƙasa da gini, wanda bashi da sakk kuɗin ginin kawai, marasa ƙarfi cikin 'yan ƙasa hukuma ta kama musu haya wasu ma an basu gidaje. Mu masu igama da marasa ita ba mu cikin lissafin sam, ko da kuwa kakanka a Jidda aka binne shi.

Ranar tashi kam ba zan manta ba. Kowa na cire abin da zai ciru, ƙofofi, tagogi, mukayyif wato AC, tankin ruwa, har wayar wuta samari na zarewa daga bango su kai haraj, kasuwar gwanjo. Masu dabbab, ƙananan motocin kaya, suka samu kasuwa, kuɗin da suke ɗaukar kaya jiya yau sun ninka kuma sai ka roƙa. Inna bata yarda an ɗora tandar wainarta a mota ba, ta naɗe ta da tsohon zani ta rungume a cinya, tana ta faɗa wai an bar mata turmi a baya. Mai baƙala na tsaye da littafinsa yana kallon masu bashinsa na watsewa, wani Kilo 14 wani Bahra wani Makka, maigidana ya ƙirga masa abin da ya samu yace Ammu sauran sai Allah ya haɗa mu. Adashinmu ma a nan ya mutu, saura mutum biyu su ɗauka, ina cikinsu.

Abin da ya fi ci min rai shine a daidai lokacin garin biki yake. A watan Disamba na 2021 ɗin aka yi tseren motocin Formula 1 na farko a Kornish, kuma a watan aka sanar da aikin Jeddah Central na riyal biliyan 75 a bakin teku, da gidan opera da gidan tarihi da filin ƙwallo. Balad ma, tsohon cikin garin Jidda, da muka sani da tsoffin gidaje masu shirin faɗuwa, tunda UNESCO ta sa ta a jerinta a 2014 ake ta gyara, yanzu gidajen shan gahawa ne da 'yan yawon buɗe ido. Ni bance kar a gyara gari ba, wanda ya goyi yaro ya tsallake kwatar Karantina ba zai ce haka ba, kuma masu saida ƙwayar nan sun lalata mana yara da yawa. Amma su ai ba'a rushe su ba, tashi suka yi kamar kowa suka koma wani wurin, wanda ya sha wuya talaka ne mai neman na cefane.

Da azumin 2022 aka dakata da rusau, bayan sallah aka ɗora. Kafin nan haya ta riga ta haukace dan dubban mutane ne suka fito neman ɗaki lokaci guda, shagga, wato falat, mai ɗaki biyu da da ake lallaɓa ka ka kama yanzu sai mai ita ya kalle ka sama da ƙasa yace ta Ejar, tsarin rajistar haya na hukuma, zai yi, kawo igama mai rai. Ta maigidana kuwa ta mutu, ga kuɗin murafiƙin, wato na iyalin da ke ƙarƙashin igamarsa, riyal 400 duk wata akan kowane kai ya taru mana. Muka raɓe gidan ƙanwar Inna a Kilo 14, gida uku cikin shagga ɗaya, maza na kwana a saman rufi, kuma can ɗin ma ana cewa yana cikin jerin.

A nan ne wani dare maigidana ya tsuguna gaban Inna yace Inna ni fa na yanke shawara, zan miƙa kaina Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za'a maida ƙasashensu, a maida ni Kano, in na zauna sai in aiko su biyo ni. Inna ta kalle ni tace ke kin taɓa ganin Kanon? Nace a'a. Tace toh nima haka.

Yadda muka kwashe da ita da abin da ya faru ranar da ya tafi, sai mako mai zuwa insha Allah.