Darasin tef ɗin awo: a fara duba ƙugiya

A aikin gyaran gida babu kayan aikin da ake raina wa kamar tef ɗin awo, kuma shi ya fi kowanne jawo asara. Mutum zai yini yana zaɓen zarto, amma tef duk wanda hannunsa ya kai gare shi ya wadatar. Babban abin da na koya a wannan sana'a yana bakin tef ne, wato ƙaramar ƙugiyar nan da ake maƙalawa a gefen katako.

Ƙugiyar tana ɗan motsi gaba da baya, kuma da gangan aka yi ta haka. Tazarar motsin daidai take da kaurin ƙugiyar, kimanin milimita 1. In ka maƙala ta a gefen katako ka ja, sai ta zamo waje, awo ya fara daga fuskarta ta ciki. In ka dunƙura ta da bango don auna cikin taga, sai ta koma ciki, awo ya fara daga fuskarta ta waje. Wanda bai san wannan ba zai ga tana girgiɗi, ya ɗauki guduma ya daddaki ƙusoshin da suka riƙe ta, wai ya gyara. Ya kashe tef ke nan. In ta daskare a ciki, duk abin da aka yanka ta hanyar maƙalawa zai gaza da milimita 1.

Mafi muni shi ne tef ɗin da ake saki ya koma gidansa da gudu. Duk dukan da ƙugiya ta sha a bakin gidan, ramukan ƙusoshinta ƙara faɗi suke, har motsin ya kai milimita 2 ko 3. Ga yadda ɓarnar ke zuwa: oga ya auna cikin taga da tef ɗinsa mai lafiya, ya rubuta milimita 600. Yaro ya je ya maƙala tsohon tef ɗin da aka ba shi a gefen gilashi, ya yi alama a kan 600 cif. Abin da ya fito 602 ne. Katako ne, a kankare. Gilashi ko tayil kuwa sai a sake sayen wani. Wa za a zaga? Yaron, mana. A ce ba ya da hankali, ba ya iya karanta lamba, wani ma a zaftare masa kuɗin yini, alhali wanda ya miƙa masa mataccen tef yana tsaye yana faɗa. Laifi tudu ne. Da wuya ka ga ogan da zai ce a kawo tef biyun a gwada su kafin ya buɗe baki.

Gwajin kuwa bai kai minti biyu ba. Maƙala ƙugiya a gefen katako, ka yi alama a kan milimita 300. Sai ka ɗora layin 100 daidai gefen, ka duba ko alamar ta faɗa kan 400. In ta kauce, ƙugiya ta ci ko ta lanƙwashe, domin faɗuwa ɗaya daga kan tsani ta isa ta lanƙwasa ta. Yi wannan gwajin tun wurin saye, ka maimaita duk ranar da tef ya faɗi. Kuma tef ɗin da aka auna wuri da shi, da shi za a yi yanka.

Ko sababbi biyu ba lalle su yi daidai da juna ba. Tef ɗin da aka yi bisa ƙa'idar Turai yana da alamar aji a farkonsa: I, II ko III. A tsawon mita 5, aji na I an yarda masa kuskuren milimita 0.6, na II milimita 1.3, na III milimita 2.6. Aji na II ya ishi aikin gida. Mai haɗa kabad ko durowa ya nemi na I. Wanda ba shi da alama ko ɗaya, a gwada shi da rular ƙarfe kafin a amince masa. Za ka kuma ga an buga 20°C, wato zafin da aka daidaita shi a kai. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, tef ɗin mita 5 da ya gasu a rana yana iya ƙara kusan milimita 1.

Sai faɗin ƙarfen. Lanƙwasar da aka yi masa kamar kwararo ita ke sa ya tsaya a iska bai karye ba. Mai faɗin milimita 16 ko 19 da wuri yake sarewa. Mai 25 yakan kai mita 2 a tsaye, shi ne abokin mai aiki shi kaɗai. Mai 32 ya fi nisa, sai dai nauyi a aljihu, ga lanƙwasarsa tana ɗaga lambobi daga jikin katako, sai ka karkata gefensa ya kwanta kafin ka yi alama. Tsawo kuma, mita 5 ya isa ɗaki da kayan ɗaki, mita 8 don falo da rufi. Abin da ya wuce haka aikin dogon tef ne mai hannun naɗewa, na mita 30 ko 50.

Tef mai inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen, yana da daɗin gani amma tarko ne. Inci 1 milimita 25.4 ne, kuma wanda ya ce "arba'in" bai faɗi na wane gefe ba ya bar ƙofa a buɗe. A rubuta komai da milimita.

A bayan gidan tef akwai lambar tsawonsa, misali milimita 70. In kana auna tsakanin bango biyu, jingina gidan da bangon ka ƙara wannan lamba, kada ka lanƙwasa ƙarfen cikin kusurwa kana kintace.

Birki, wato maɓallin da ke tsayar da ƙarfen tef, ya riƙe ba zamewa. Ja ƙarfen ka gani. Santimita 20 na farko ne ke fara gogewa da tsagewa, don haka mai rufin nailan ya fi daɗewa. Ƙugiya mai maganaɗisu tana da amfani ga mai walda, amma tana tara garin ƙarfe da ke ƙara mata kauri. Tef ya jiƙe, a goge kafin a mayar, in ba haka ba sifirin ɗin da ke naɗe shi cikin gidan ya yi tsatsa. Kusa da wayar lantarki a tuna ƙarfe ne a hannu. Wurin mayarwa kuwa, a tare shi da yatsa a ƙasan bakin gidan, ƙugiya ta isa a hankali.