Yadda Nake Shirya Yarinya Mai Watsa Furanni a Bikin Coci

Aikin da aka saba ɗora mini a bukukuwan aure na coci a nan Jos shi ne shirya ƙananan 'yan matan da ke shigowa gaban amarya da kwandon furanni. Al'adar daga Turai ta zo tare da auren coci, ta kuma zauna daram a wurinmu. Tafiyar yarinyar daga bakin ƙofa zuwa gaban bagadi ba ta kai minti biyu ba, amma a nan ake samun kuka da tirjiya da faɗuwa. Abin da na lura shi ne manya kan ɗauke ta tamkar kayan ado, su manta yarinya ce mai jin yunwa da tsoro da fitsari.

Daga zaɓe matsalar ke farawa. Shekara 4 zuwa 8 ne daidai. 'Yar shekara 2 ko 3 tana da ban sha'awa a hoto, amma da ta ga jama'a sun miƙe tsaye, idanu duk a kanta, ga ƙarar ganga da waƙar Zumuntar Mata, sai ta ƙame ko ta ruga wurin uwarta. Idan dangi sun dage sai ita, nakan haɗa ta da babba 'yar shekara 7 su riƙe hannu, kwandon kuma yana hannun babbar. Yara biyu sun fi ɗaya natsuwa. Idan suka wuce huɗu, hanya ta cushe, mai hoto ba zai ga amarya ba. Kuma tun ranar da aka nemi yarinya nake son a faɗa wa iyayenta wa zai biya riga da takalmi, domin yin shiru a kan kuɗi ya sha ɓata zumunci.

Wurin ɗinki, kada a yi awo da wuri. Yaro na tsawo a cikin wata uku, don haka sati huɗu kafin biki nake kai su wurin tela, a gwada rigar saura sati ɗaya. Bakin rigar ya tsaya kamar yatsa uku sama da idon sawu. Doguwar riga mai jan ƙasa ita ke kayar da yara, saboda hankalinsu na kan kwando, ba sa kallon ƙafa. A sa shafi na auduga a ciki, don leshi da raga suna ƙaiƙayi, yarinyar da jikinta ke ƙaiƙayi kuwa ba za ta tsaya ba. Bikin Disamba a Jos sai da 'yar farar rigar sanyi, domin hunturun safiya ba ya raga wa yaro. Takalmi marar tsini, ta sa shi a gida kwana uku ko huɗu, a ɗan goga ƙasansa a kan siminti ya rage santsi. Kitso kwana biyu kafin ranar, kada a ja shi da ƙarfi.

Furannin kansu sun fi komai buƙatar tunani. Da farko nakan tambayi fasto ko dattawan coci, domin akwai majami'un da ba su yarda a watsa komai a ƙasa ba. A irin wannan wuri sai ta riƙe ƙaramin dami a hannu kawai. Inda aka yarda, ƙasan cocin ne ke yanke hukunci. Ɗanyen fure a kan tayil, idan aka taka shi, ruwa yake fitarwa ya zama santsi, amarya kuma na tafe a baya da dogon takalmi. Jan wardi yana barin tabo a bakin farar riga da kan kafet mai haske. Shi ya sa a cikin gini na fi son na yadi, ko fari da ruwan hoda idan lallai sai ɗanye. A fili kuwa ɗanyen ya fi, tunda zai ruɓe da kansa, na yadi sai an bi an tsince.

Ga hanya mai tsawon mita 20, mudu ɗaya na ɓararren fure ya ishi yarinya ɗaya, wato kamar wardi 8 zuwa 10. Da safiyar ranar nake ɓare su, in sa a leda tare da tsumma mai ɗan laima, in ajiye a wuri mai sanyi. Idan aka ɓare tun dare aka bari a buɗe, kafin gari ya waye sun yanƙwane.

Gwajin tafiya da muke yi yammacin Juma'a kafin biki ba na wasa da shi. Da gutsattsarin takarda muke yi, a cikin kwandon da za ta riƙe, a kan hanyar da za ta bi. Abin da nake koya mata ɗaya ne: taku biyu, ɗan tsunkule da yatsu uku, a saki ƙasa. Idan ba a koya ba, ko ta juye kwandon duka a bakin ƙofa, ko ta isa gaba da shi a cike. Nakan durƙusa daidai tsawonta in ce, "'Yata, ga Mama can a kujerar gaba, wurinta za ki je." Uwar na zaune a bakin layi inda yarinya ke hango ta, wannan kaɗai na kawar da rabin tsoro.

A jerin shiga, ƙawayen amarya ne gaba, sai yaro mai ɗauke da zoben aure a kan ƙaramin matashi, sai masu furanni, sannan amarya da mai rakiyarta. Nakan riƙe amarya a ƙofa har yaran su ci rabin hanya, don kada ta cim musu.

Ranar biki su ci abinci sosai kafin a sa riga, su shiga bayi saura minti 15. A jakata akwai ruwa, biskit marar cakuleti, allura da farin zare, da tsumma. Sujadar aure kan kai awa biyu, don haka da sun isa gaba sai su zauna wurin iyayensu, ba a barin su tsaye tare da manyan ƙawaye. Hotunansu kuma a fara ɗauka da an fito, kafin gajiya ta kama su. A wurin liyafa a sa wata babba ta riƙe su lokacin liƙi, domin a cikin turmutsutsun rawa ne ake taka ƙananan yara.