Sawakin, inda Kaka ya tsaya

Kakana daga Kano ya taso da ƙafa da niyyar Hajji, a Sawakin ta ƙasar Sudan kuɗin jirgi ya ƙare masa, sai ya zauna. Shi ya sa nake son garin nan.

Tsohon garin tsibiri ne ɗan ƙarami a Bahar Maliya, kudu da Fot Sudan, wata hanya ce ta haɗa shi da gaɓa. Da duwatsun murjani aka gina gidajensa. Da Turawan Ingila suka fara gina Fot Sudan a 1905, kasuwa ta koma can, gidajen suka yi ta zubewa.

Yanzu jama'a na zaune a gaɓa, 'yan ƙabilar Bija sun fi yawa. Ranar Juma'a na kai Inna, ta tsaya tana kallon jirgin Jidda, tana yi wa mahaifinta addu'a.