Na Je Neman Kaɗaici da Jama'a a Aljihuna

Ƙannena, kun sha tambayata labarin tafiyar da na yi a ƙafa ni kaɗai daga Cape Coast zuwa Sekondi a ƙasar Gana, ina bin gaɓar teku. Yau wautar da na tafka a hanyar zan ba ku, don ta fi labarin amfani.

Na bar zangonmu na Kumasi zuciyata a cunkushe. Salla ina yi, amma kamar mai sauke kaya. Sai na riƙe ayar nan ta Suratul Ankabut da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, na ce zan je in yi tafakkuri inda ba wanda ya san ni. Niyya mai kyau. Amma tun kafin in ɗaura takalmi na sanar a Facebook.

Can na fara ɓata. Daga Cape Coast zuwa Elmina tafiyar 'yan awoyi ce, teku a hagu, itatuwan kwakwa jere, amma ni idona na kan waya, ina ƙirga masu cewa "Allah ya karɓa, Malam". Na shiga ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637. An kai mu ɗakunan ƙasa inda ake tsare bayi, da 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, ba dawowa. Wasunsu daga arewa aka koro su, ta kasuwanni irin na Salaga, garin da kakanninmu suka yi fataucin goro. Wurin da ya kamata jikina ya yi sanyi ke nan, in tambayi kaina me fataken namu suka gani suka yi shiru. Ni kuwa ina neman inda haske zai yi wa hoto kyau. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Wanda zai yi halwa, ya gaya wa mahaifansa da mutum ɗaya da zai neme shi in an ji shiru. Ya isa. Riya ba ta jin nauyin tafiya, ko'ina za ta bi ka.

Kuskure na biyu jahilci ne zalla. Ruwan shana nake alwala da shi, ga teku shimfiɗe a gabana, ina zaton gishiri ya hana. Kafin Komenda gorata ta ƙare, rana tsaka. Alhali hadisin yana cikin Muwaɗɗa, an kuma karanta mana shi muna yara: ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ku tambayi malami hukuncin matafiyi kafin ku fita, har da ƙasaru. Alƙibla ma ku san ta: a wannan gaɓar teku na kudu, ku kuma gabas za ku fuskanta, ku ɗan karkata arewa.

Sabon takalmi kuwa, kada ku soma. Ƙafata ta yi bororo tun rana ta biyu.

Babban kuskuren girman kai ne. Na ɗauka yin magana da mutane zai ɓata mini ibada, don haka masunta na gaishe ni ina ɗaga hannu kawai. Ban tambayi kowa lokacin cikar ruwa ba, ban tambayi abin da ke gaba ba. Ga shi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi kan tafiyar dare mutum shi kaɗai, amma na ce ai sanyin dare ya fi. Haka na isa bakin kogin Pra cikin duhu, fitilun Shama na ƙyalli a tsallake, ba gada a wurin, waya ta mutu. Na zauna a kan yashi ina jin rurin igiyar ruwa. A daren ne na yi addu'ar farko da ba wanda zai ji labarinta. Ba ta da tsari, rabinta kuka ne.

Da asuba wani dattijon masunci ya same ni. Na gaishe shi da Twi, ya amsa, muka fahimci juna. Ya ce, "Ɗana, ina ka baro hankalinka?" Ba Musulmi ba ne, amma ya jira na idar da salla, ya ba ni dokunu da soyayyen kifi, ya sa ni a kwalekwale. Na miƙa kuɗi, ya ture hannuna.

Da muka sauka a Shama na ce zan nemi inda zan yi cajin waya. Na tsaya a ƙofar shagon, na juya, na tura ta can ƙasan jaka. Ragowar hanyar duk wanda na gamu da shi ni nake fara yi masa sallama, in tambaye shi yaushe ruwa zai janye.