Daga Hambag zuwa Balin a kan sawun sunan Heinrich

Na tashi daga Hambag da tikitin wata na jiragen ƙasa, wanda Jamusawa ke kira Deutschlandticket. A shekarar 2025 kuɗinsa yuro 58 ne. Yana aiki a jiragen yanki da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa a duk faɗin Jamus, amma ban da jirage masu sauri irin su ICE. Wanda ya hau waɗannan da shi, daidai yake da marar tikiti, sai ya biya tara. Kuma rajista ce mai sabunta kanta, in ba a soke ta kafin 10 ga wata ba za a ciri kuɗin wata mai zuwa.

Abin da ya fito da ni suna ɗaya ne, Heinrich. Ana faɗinsa Hainirih, domin "ei" a Jamusanci "ai" ce. Tushensa kalmomi biyu ne na tsohon Jamusanci: "heim", wato gida, da "rihhi", wato mai iko ko mai wadata. In aka haɗa su, ma'anar ba ta da nisa da maigida. Daga gare shi Henry na Ingilishi ya fito, da Henri na Faransanci, da Enrico na Italiya. A cikin gida kuwa ana gajarta shi a ce Heinz ko Heiner, mutanen arewa su ce Hinrich. Sunan ya yi yawa a zamanin da, har Bajamushe in zai ce kowa da kowa sai ya ce "Hinz und Kunz", wato Heinrich da Konrad.

A Hambag na fara da titin Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya zagaya ƙasar Hausa, da ke unguwar Rotherbaum kusa da jami'a. A wannan birni aka haifi Barth a 1821. Daga nan ana hango hasumiyar talabijin mai tsawon mita 279, wadda ke ɗauke da sunan Heinrich Hertz, shi ma ɗan garin, haihuwar 1857. Duk mai kama rediyo ya san sunansa ko bai san mutumin ba: kilohaz da megahaz da ake ambata in ana faɗin zangon tasha, daga sunansa suke. Shi ne ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a gwaje-gwajen da ya yi a Karlsruhe tsakanin 1886 da 1888, ya rasu a 1894 yana ɗan shekara 36. An rufe hawa hasumiyar tun 2001, don haka daga ƙasa na kalle ta.

Zuwa Braunschweig a jirgin yanki awa uku ne ko kusa da haka, da canji a Uelzen. A dandalin da ke gaban babbar majami'a akwai zakin tagulla a kan dogon ginshiƙi. Heinrich mai laƙabin Zaki, sarkin Saksoni da Bavariya, shi ya sa aka zuba shi wajen 1166. Wanda ke waje kwafi ne. Na asalin, mai nauyin kusan kilo 880, an shigar da shi ɗaki saboda gurɓatacciyar iska tana cin tagullar. Wannan Heinrich shi ya kafa Munich a 1158, ya ƙi taimaka wa sarkin daula Friedrich Barbarossa a yaƙin Italiya, aka ƙwace masa ƙasashensa a 1180. Kabarinsa na cikin majami'ar tare da na matarsa Matilda, 'yar sarkin Ingila Henry na biyu. Mai son shiga gidajen tarihi ya guji Litinin, galibinsu a rufe suke ranar.

Inda na fi daɗewa shi ne Quedlinburg, a gindin tsaunukan Harz. Ana isa ta Vienenburg da Halberstadt, kuma jiragen nan awa-awa suke zuwa, in canji ɗaya ya kuɓuce an yi asarar awa guda. Garin yana da gidajen katako da yumɓu kusan 2,000, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. Titunansa duwatsu ne marasa daidaito, akwati mai taya wahala kawai yake ƙarawa. A ƙasan tudun fada akwai wani lungu da ake kira Finkenherd. Labarin gargajiya ya ce a nan manzanni suka tarar da Heinrich na farko yana ɗana wa tsuntsaye tarko, suka kawo masa albishir ɗin sarauta. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne an naɗa shi a Fritzlar a 919, ya karya mayaƙan Magiya, wato mutanen Hangare, a 933, ya rasu ranar 2 ga Yulin 936, aka binne shi a kan wannan tudu. Daga shi har zuwa 1313 sarakuna bakwai ne suka hau gadon daular da wannan suna.

A ɗakin ƙasa na majami'ar da ke kan tudun, akwatin dutsen matar Heinrich na farko, ita ma sunanta Matilda, yana nan, amma ƙasusuwan sarkin ba a san inda suke ba. Wurin yana da wani tarihi mai ɗaci da bai kamata a tsallake ba. A 1936, da sarkin ya cika shekara dubu da rasuwa, Heinrich Himmler, shugaban dakarun SS na Nazi, ya zo nan ya yi biki, daga baya suka ƙwace majami'ar suka mai da ta wurin tsafe-tsafensu na siyasa har ƙarshen yaƙi. Himmler ya so ya jingina kansa da takwaransa. Na ji daɗin cewa bayanan da ke wurin ba su ɓoye wannan ba.

Daga can na bi ta Magdeburg zuwa Balin, tafiyar da ta haura awa uku. Na sauka a tashar Mehringdamm ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda layin U6 da U7 suke haɗuwa. Maƙabartun da ke gefen titin da yawa ne manne da juna, katanga ta raba su, shi ya sa ake ɓata. Wadda ake nema ita ce ta uku ta majami'ar Jerusalem da Sabuwar Majami'a, kuma akwai taswira a bakin ƙofa. Nan Barth yake kwance.

A ƙasarmu ba da sunan Heinrich ya yi yawo ba, Abdulkarim ya kira kansa. Ya taso daga Tarabulus a 1850, ya bi ta Agadas da Katsina, ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya rubuta abin da ya gani na kasuwa da marina da saƙa da fataucin goro. Ya wuce Kukawa da Yola, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya kai Tambutu a Satumbar shekarar. Yana jin Larabci da Hausa da Barbarci, abin da ya sa yake zama da malamai yana kwafe tarihi daga bakinsu da littattafansu. Da zai koma a 1855 ya tafi da samari biyu da aka 'yanta, Dorugu Bahaushe daga ƙasar Damagaram da Abbega Bamargi, kuma daga bakin Dorugu aka rubuta labaran Hausa masu yawa a Ingila.

Barth ya rasu ranar 25 ga Nuwamban 1865 yana da shekara 44. Kabarin na cikin waɗanda birnin Balin ya ɗauki nauyin kula da su. A lokacin sanyi ana rufe ƙofar maƙabartar da zarar duhu ya fara, wajen ƙarfe huɗu na yamma, don haka da safe na je.