Wata na Bakwai da Barkonona na Buhu: Inda Aka Kwana

'Yan'uwa masu koyon noman barkono a tsakar gida, rabona da ba ku labari tun lokacin dashe, kuma yanzu da muka shiga watan Yuli na sami abin faɗa. Kamar yadda kuka sani, mu biyar ne a unguwarmu a Zariya muka ƙulla gasa kan abu biyu: wanda zai tsinki 'ya'ya mafi nauyi daga gindi ɗaya, da wanda barkononsa zai fi na kowa yaji. Ni na shiga da iri biyu, wato attaruhun da na cire daga 'ya'yan da na sayo a kasuwa, da kuma Carolina Reaper, wanda Ed Currie na jihar Karolina ta Kudu a Amurka ya samar, kundin Guinness kuma ya amince da shi a matsayin mafi yaji a duniya a 2013, kafin wani irin nasa mai suna Pepper X ya ƙwace kambun a 2023.

Kuskurena na farko shi ne lokacin shuka. Na zuba irin a tsakiyar Disamba, hunturu na tsakiyar kaɗawa, alhali dangin attaruhu ba sa tsirowa da wuri sai ƙasa ta yi ɗumi. Attaruhun ya leƙo bayan mako biyu, amma daga ƙwaya 12 na baƙon irin, biyar ne kawai suka fito, su ma sai da suka kwashe kwana 26, bayan na koma shigar da kwandon renon ɗaki kowane dare. Na dasa su a ƙarshen Janairu cikin buhunan shinkafa da na huhhuda gindinsu, na cika da ƙasa da yashi da kashin kajin da ya riga ya ruɓe.

Sakamakon wannan kuskure bai bayyana ba sai a Maris da Afrilu, domin furen ya zo daidai da zafin bazara. Kullum da safe sai in tarar da ƙananan furanni farare zube a bakin buhu, kowanne da ɗan siririn sandansa da ya yi rawaya, har na fara zargin kajin maƙwabta. Ashe idan zafi ya haura digiri 35, kuma dare bai yi sanyi ba, furen ba ya ɗaukar 'ya'ya, sai ya kaɗe. Maƙwabcina, wanda ya daɗe yana noman rani kafin ya yi ritaya, ya leƙo ya ce mini, "Malam, ba taki suke nema ba, inuwa suke nema." Na ɗaura tsohon gidan sauro a kansu daga hantsi zuwa la'asar, na lulluɓe bakin buhunan da busasshiyar ciyawa, na mayar da ban ruwa sassafe da yamma ba fashi. Farin ƙudan da ya taru a ƙarƙashin ganye kuwa na yi ta fesa masa jiƙon 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu, sai dai gindi ɗaya da ganyensa ya riga ya nannaɗe dole na tumɓuke shi, domin cutar da ƙudan ke yaɗawa ba ta da magani. Da ruwan sama ya sauka a Mayu, furen ya daina kaɗewa.

A ɓangaren nauyi ban kai ko'ina ba. Gindin attaruhuna mafi kyau ya ba ni giram 900 zuwa yanzu, na maƙwabcin nan ya haura kilo ɗaya da rabi, kuma da irin kasuwa ya yi shi, a ƙasa, ba a buhu ba. A ɓangaren yaji ne aka yi kallo. Tun da ba mu da ɗakin gwaji, muka kwaikwayi hanyar Wilbur Scoville, masanin haɗa magunguna da ya ƙirƙiro ma'aunin yaji a 1912: ana tsarma barkonon da ruwan sukari, ana ɗanɗanawa, har sai harshe ya daina jin komai. Attaruhu yakan faɗa tsakanin 100,000 da 350,000 a wannan ma'auni, Reaper kuwa ya haura miliyan ɗaya da rabi. Namu gwajin na kofi da cokali ne, amma ba a yi gardama ba cewa Reaper ne ya fi yaji, domin alƙalan sun daina magana tun a kofi na uku, sai neman kindirmo suke yi.

Ina roƙonku kada ku yanka wannan barkono ba safar hannu. Na yanka guda biyu, na wanke hannu da ruwa, na tashi alwalar magariba, kuma abin da idanuna suka gani a daren nan ba na fatan wani ya gani. Sinadarin yajin, wanda ya fi taruwa a farar tsokar ciki da ƙwayoyin irin ke manne da ita, ba ya narkewa a ruwa. Sai an murza hannu da man gyaɗa tukuna a bi da sabulu.

A tukunya kuwa attaruhu ne ya yi nasara. Uwargida ta saka rabin Reaper a jajjagen miyar mutum takwas, aka ƙare da cin gayan tuwo, ta kuma gindaya mini sharaɗin kada ya sake kusantar turminta. Abin da ya karɓu shi ne yaji: na shanya shi a tabarma ya bushe ƙarau, na daka guda ɗaya da tattasai busasshe da yawa, da citta, da kanumfari, da masoro, da ƙuli-ƙuli da gishiri, kuma ɗan barbaɗe kaɗan ya isa kwanon ɗanwake. Ƙamshin ɗanyen attaruhu a dafa-duka dai har yanzu ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba.

Saura batun ajiye iri. Buhunan nawa a jere suke, ƙudan zuma na yawo tsakaninsu, saboda haka irin da zan cire bana yana iya fitowa ruwa biyu baɗi, ko da yake 'ya'yan bana ba su canza ba. Na ɗaure rassa uku da ƙyallen gidan sauro tun furen bai buɗe ba, daga nan kawai zan ɗebi iri. Zan sake zuba reno a farkon Satumba, domin furen ya riski sanyin Disamba maimakon zafin Afrilu, kuma gindi biyu zan dasa su kai tsaye a ƙasa, in ga ko buhun ne ya tauye ni.