Karkatattun haruffan da suka ɓace mini a littafin Faulkner

Duk mai niyyar karanta The Sound and the Fury na William Faulkner, don Allah ya fara duba kwafin da ke hannunsa. Nawa daga intanet na sauko da shi aka buga mini a shagon fotokwafi, ashe wanda ya ɗora shi ya miƙar da duk haruffan da Faulkner ya karkata. A wannan littafi kuwa, karkatar haruffan ce ke nuna maka lokaci ya sauya.

Kashin farko daga bakin Benjy yake, autan gidan Compson, mai shekara 33 da hankalin ƙaramin yaro, ranar 7 ga Afrilu 1928. Shi jiya da bara da ƙuruciyarsa duk yau ne a wurinsa. Ƙusa ta kama rigarsa a shinge, sai kawai ga shi cikin sanyin Disamba tare da yayarsa Caddy, shekaru da yawa baya. Mai kwafi na gari zai ga alamar. Ni kuwa sai na ga bazara ta zama hunturu a tsakiyar shafi, mamaci yana magana, na yi ta komawa baya ina zargin kaina. Ga Quentin guda biyu: yayan da ya je jami'ar Harvard ya kashe kansa a 1910, da 'yar Caddy da aka sa wa sunansa. Ina ganin “shi” ya koma “ita” na ce lallai mai shago ya haɗa mini shafuka. Har komawa na yi muka yi cacar baki, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da ya cece ni shi ne masu rainon Benjy. In ka ga Versh, Benjy yana yaro ne, in T.P. ne, ya tasa. In Luster ne, kana 1928. Da na gane haka sai labarin ya fara fitowa: filin kiwon da aka sayar aka mai da shi filin wasan golf don biyan kuɗin Harvard da bikin Caddy, uba mashayi, uwa kullum a kwance tana kukan darajar danginta. Gida mai suna a Mississippi yana cin kansa.

Kashin Jason, wani yayan Benjy, ba wuya, mugunta ce a fili, yana danne kuɗin da Caddy ke aiko wa 'yarta. Na Dilsey, mai aikin gidan, nan ne mutum ke numfasawa.

Amma haushina na nan. Daga baya da na sami bugu na gaskiya na sake karanta Benjy, na ga abin da aka ƙwace mini: wannan ruɗani Faulkner ya auna shi, ya bar wa mai karatu igiyar kamawa. Har ma ya so a buga kashin da tawada launi-launi, masu ɗab'i a 1929 ba su yi ba, sai a 2012 kamfanin ɗab'i na Folio Society ya fitar da irin wannan bugu. Karatun farko sau ɗaya ake yin sa, nawa kuma ya tafi a ƙirgar shafuka.

Wasu bugu suna saka bayanin zuriyar Compson da ya rubuta a 1945 a gaban littafin. Ka tsallake shi sai ka gama, yana tona komai. Kafin ka biya kuɗi kuma, buɗe shafukan farko ka tabbatar akwai haruffa masu karkata.